Takardun Ƙasusuwan Babanku

Taoyuan, kwana uku bayan bikin fitilu

Zuwa ga 'yata Giok-lan,

Gaisuwa mai yawa da so da kewa, da fatan ke da mijinki da jikokina kuna lafiya a can Afirka ta Kudu. Yaya aikin masaƙa? Tarin ƙaramin ya sake shi? Mu nan lafiya lau, sai dai gwiwa. Malam Phoa ne yake rubuta mini, muna zaune a ƙofar haikalin Uwa Matsu, ya ce in gaishe ki. Kada ki ce don me ban kira ki a waya ba. Wayar tana falon yayanki, matarsa kuwa ko tana bayan gida tana jin faɗuwar allura.

Bayan haka, takarda ta zo daga hukumar maƙabarta. Shekara takwas ɗin babanku a kabari ta cika, za su ba wani wurin. Yayanki Bun-hiong ya je wajen mai duba rana, an tsayar da sha biyu ga watan tara. Ranar za a buɗe kabari, a tsince ƙasusuwan, a goge su, a jera a tulu, a kai shi hasumiyar ajiya.

Kin tuna abin da ya faɗa a asibiti yana riƙe da hannun yayanki? Ya ce, "Shekara ashirin da biyu ina gadin ƙofar kamfani ina rusuna wa motoci. In kun kai ni hasumiya ku sa ni a layin da yake daidai ido, mai zuwa ya tsaya ya dube ni. Kada ku sa ni a ƙasa inda takalma ke wucewa." To gurbin daidai ido ya ninka na ƙasa sau huɗu. Shi ya sa bai taɓa sayar da hannun jarin da kamfanin kwamfutar yake ba su duk ƙarshen shekara ba. Ko lokacin bikinki da muka rasa na sayen gado, cewa ya yi takardun nan gidansa ne na biyu. Suna da sunana yanzu, hatimin da nake sa hannu da shi yana wuyana cikin 'yar jaka.

Ba ki sani ba, tun da ya rasu nake zuwa zauren hannun jari na bayan tashar jirgi. Na gaya wa yayanki sanyin na'ura da shayin kyauta ke kai ni. Daga kasuwa nake wucewa da kwandona, mu tsofaffi cike da kujeru, kowa da kabejinta a gindin ƙafa, har sha biyu a tashi. Ban iya karatu ba amma na san lamba, na kuma san wurin na babanku, allo na uku can ƙasa ta hagu. In ya yi ja ya hau, in ya yi kore ya sauka. Ina gaishe shi, in zauna.

Abin da ya hana ni sukuni, Giok-lan, tun kafin sabuwar shekara namu ba ya motsi. Wata rana ja kaɗan, kwana biyu kore. Kusa da ni A-tho ke zama, matar marigayi mai awara. Ita ta sayar da na kwamfuta duka ta sayi na wani kamfanin intanet, kullum nata sai ya hau har ya bugi rufi. Ta sayi munduwar zinariya, da gangan take miƙo mini shayi da wannan hannun. Jiya ta ce, "Yaya Kim-ki, har yanzu kina kiwon tsohuwar saniyar nan? Kwamfuta yanzu tukunyar shinkafa ce, kowane gida akwai, wa zai ƙara saye?" Duk layinmu aka kwashe da dariya. Na ce aƙalla tukunya ana dafa abinci a cikinta.

Ki gaya mini gaskiya, mece ce intanet? Kwamfuta na san ta, ni da ke mun yi shekaru muna ɗaure wa kamfanin wayoyinta a falo har yatsunmu suka yi kanta. Tana da nauyi, ana loda ta a mota. Malam Phoa ya ce intanet ba a loda ta a mota. Malama Liao, yarinyar da ke karɓar takardunmu a zauren, mai kirana kaka, ta ce mini, "A-ma, masu ƙera akwati ribarsu ta zama siririya, kuɗin yana wurin abin da ke yawo cikin akwatin." Kuma na ji kuɗin gurbi a hasumiya zai ƙaru bayan bikin sharar kaburbura. In nasa yana sauka gurbi yana hawa, ina za su haɗu a watan tara?

Ki ba ni amsa da wuri, ki aiko ta hannun Malam Phoa, ba gida ba. Ki gaishe da mijinki, ki shafa mini kan yara.

Mahaifiyarki,
Ang Kim-ki


Taoyuan, ashirin ga watan uku

Zuwa ga 'yata Giok-lan,

Ina gaishe ki, ina gaishe da mutan gidanki, da fatan kowa lafiya. Za ki ga hannun ya canza. Siu-khim matar mai kemis ce ke rubutawa, na sa ta rantse da 'ya'yanta. Malam Phoa yana buga dara da surukin yayanki, ban yarda da bakinsa a wannan maganar ba.

Wasiƙarki ta zo, an karanta mini sau biyu. Kin ce kada in taɓa komai, in bar takardun yadda babanku ya bar su. 'Yata, wasiƙarki ta yi kwana sha tara a hanya.

Bari in faɗa miki yadda aka yi, kada ki tsage takardar kafin ki kai ƙarshe. Ban yi da ka ba, sai da na je na tambayi Uwa Matsu. Na kai lemo da ayaba, na kunna turare, na faɗi sunana da lambar gidanmu, na ce, in sayar da na kwamfuta in sayi irin na A-tho? Na jefa katakan tambaya. Duka biyun suka kife. A'a ke nan. Na ce wataƙila ba ta ji ni da kyau ba, akwai masu ganga ranar. Na sake, suka sake kifewa. Na uku suka faɗi rigingine, wato dariya take yi mini.

Da mai hankali ce ni da na ɗauki kwandona na tafi gida. Sai na fita na sayo tuffa irin ta Japan, mai tsadar nan da ban taɓa sa wa a bakina ba, na dawo na durƙusa. Ban sake waccan tambayar ba. Cewa na yi, Uwa, kina son mijina Tek-seng ya zauna daidai ido? Ɗaya ya kife ɗaya ya buɗe. Na sake, haka. Na uku ma haka. E sau uku a jere. Na tashi na ce to ai ga amsa.

Siu-khim ta ajiye alƙalami tana kallona. Rubuta, Siu-khim, na san abin da na yi. Wa za a tambaya ko yana son mamaci ya ji daɗi ya ce a'a? Na san wayo na yi mata tun ina durƙushe. Na yi wa Uwa Matsu wayon da nake yi wa mai kifi.

Washegari na ba Malama Liao hatimina. Kashi biyu cikin uku na sayar. Da ta danna hatimin a jan tawada na miƙa hannu kamar zan karɓe, har ta ce, "A-ma, ko a bari sai gobe?" A-tho ta ce, "Bari me? Jirgi ba ya jiran mai ɗaure ɗankwali, danna kawai!" Kwana huɗu yana ja. Na sayi gasasshiyar agwagwa na kai gida, Bun-hiong ya ce, "A-bu, uwata, wa ya haihu?" Na ce haka kawai.

A rana ta biyar aka ce kasuwar Amurka ta faɗi muna barci. Ni me ya haɗa ni da Amurka? Na shiga zaure na ga bango gaba ɗaya kore, kamar gonar shinkafa. Wani tsoho yana ta cin gyaɗa, ɓawon na zuba a cinyarsa bai sani ba. Tun ranar sabon nawa bai ƙara yin ja ba sai sau biyu.

A-tho ta ce haka yake yi, tsugunawa yake don ya yi tsalle. Malama Liao kuwa sai ta ƙaro mini shayi. Ni kuwa yanzu ta bayan layi nake bi in zan je kasuwa, don kada in wuce ta ƙofar haikali. Da safe in na kunna wa babanku turare a gaban hotonsa ba na ɗaga kai.

Kada ki gaya wa yayanki. Kada ki gaya wa mijinki. Akwai sauran wata shida, wataƙila ya tashi. Ke da kika yi makaranta, abin da ya sauka haka yana komowa? Ki faɗa mini ko da ƙarya ce.

Ki kula da kanki, ki riƙa cin abinci mai zafi.

Mahaifiyarki,
Ang Kim-ki


Taoyuan, ashirin da shida ga watan takwas

Giok-lan 'yata,

Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Kek ɗin bikin wata da na aika ya iso bai lalace ba? Siu-khim ce dai ke rubutawa, a bayan kanti, mijinta ya je sayo kaya.

Wasiƙunki uku duk sun zo, ban amsa ba don ban da abin faɗa. Kin ce in sayar da abin da ya rage in huta. Na yi ƙoƙari, ki yarda da ni. Ke ba ki san yadda abin yake ba. In na intanet ɗin ya faɗi iyakar faɗuwar da aka yarda a rana ɗaya sai ya kulle a ƙasa, masu sayarwa dubu, mai saye babu ko ɗaya. Tun takwas nake tsayawa a ƙofa kafin a buɗe, in ba Malama Liao takarda ta sa ni a layi. Ƙarfe tara da minti ɗaya ya kulle. Gobe haka. Kwana goma sha ɗaya ina kai takarda ana dawo mini da ita.

Ranar Talatar da ta wuce na duba wurinsa a allo ban ga lambar ba. Na ɗauka idona ne. Na je har gaban allon na bi layi da yatsa. Malama Liao ta fito daga bayan kanta ta kama hannuna ta zaunar da ni, ta ce an dakatar da shi, mai kamfanin ya hau jirgi, an je ofishinsu ba a tarar da komai ba sai tebura da wayoyi a ƙasa. Na ce to kayan da suke ƙerawa fa, a sayar a biya mu mana. Ta ce, "A-ma, ba sa ƙera komai."

A-tho ba ta ƙara zuwa ba. An ce 'yarta ta zo ta tafi da ita Tainan. Ita har gidanta ta jinginar. Na so in tsine mata, na kasa, kujerarta nake ajiye wa kwandona yanzu.

Na babanku da na rage, shi ma ya sauka, ya kusa rabi. Amma yana nan a wurinsa, allo na uku ta hagu, motocinsu kuma ina ganinsu suna fita da kaya kowace safiya. Na sa Malama Liao ta buga mini a na'urarta, da ban taɓa komai ba fa? Ta buga, ta ce da ya isa gurbin daidai ido da ƙyar, har da kuɗin mai tsintar ƙashi. Da ƙyar, amma da ya isa. Da ma ban tambaya ba.

Kin ce za ki aiko kuɗi. Kul! 'Yar da aka aurar ba ta sayen gidan ƙashin ubanta alhali ɗansa namiji yana raye. Kina so a nuna yayanki da baki a unguwa har ya mutu? Kuma na san masaƙarku ba ta tafiya daidai, mijinki ya gaya wa Bun-hiong. Shi kuma yayanki tun girgizar ƙasar bara bai gama gyaran bangon shagonsa ba, masu son ƙarfen taga sun ragu, ga yara biyu a jami'a. Ba inda zai samo.

Tsoro nake ji, Giok-lan. Shekaranjiya na kishingiɗa bayan abincin rana sai ga babanku da kakin gadinsa, yana tsaye a bakin ƙofa, hularsa a hannu. Bai yi faɗa ba. Ƙafafuna kawai yake kallo. Na farka rigata jiƙe. Kin san abin da ake faɗa, in aka buɗe kabari aka tarar mamaci bai narke ba, to yana riƙe da wani a zuci. In aka ɗaga murfin aka gan shi da namansa, a gaban kawunanku da kowa, ni na san da wa yake.

Jiya da muna cin abinci Bun-hiong ya ce, "A-bu, ran Litinin ki shirya littafin hannun jarin da hatimi, zan rufe shago mu je a sayar, daga nan mu wuce hasumiya. Na riga na zaɓa wa Baba gurbi, layi na biyar, kusa da taga." Har ya auna da tsayinsa, ya ce daidai hancinsa. Yana murmushi, yaron da ba ya murmushi. Na ce to.

Yau Juma'a. Kafin wannan ta iso hannunki an gama komai. Ban san ma don me nake aiko ta ba, sai don in na faɗa wa takarda wataƙila bakina ya saba kafin Litinin.

Ki yi mini addu'a a inda kike, ni ba ni da fuskar yi.

Mahaifiyarki,
Ang Kim-ki


Taoyuan, ashirin da biyar ga watan tara

Zuwa ga 'yata Giok-lan,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da mijinki da yara. Muna lafiya. Le-hoa matar yayanki ce ke rubuta wannan a teburin kicin, tunda ba sauran abin ɓoyewa. Ta ce in gaya miki ita ta daɗe da sanin akwai wani abu, wai tun ranar agwagwa.

Ban iya faɗa masa a gida ba. Na hau bayan babur ɗinsa ran Litinin, muka kama hanya, ina riƙe da rigarsa. Sai da muka tsaya a jan wuta na gaban tasha na faɗa wa bayansa. Duka na faɗa, har da tuffa. Wuta ta ba da hannu bai tashi ba, motoci suna ta yi mana ham. Sannan ya gangara gefe ya kashe babur. Na jira ya yi ihu. Da ya yi ihu da na ji sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Tun yaushe?" Na ce tun watan biyu. Ya ce, "Giok-lan ta sani?" Na ce e. Ya ce, "Matar mai kemis fa?" Na ce ita ta rubuta. Ya ce, "Wato ni kaɗai." Daga nan ya tayar da babur.

Mun shiga zaure ya sayar da sauran. Da Malama Liao ta miƙo hatimin, shi ya karɓa ya sa a aljihu. Ban ce a ba ni ba. A hasumiya ya roƙi mai kula da wurin a bar masa layi na biyar ya riƙa biya a hankali, aka ce akwai mutum uku a bayansa da kuɗi a hannu. Ya je wajen kawunku na Chungli, ya dawo fuska a murtuke. Le-hoa ta fito da sarƙar aurenta, ya ce ta mayar. Ta ce kada in sa wannan a wasiƙa. Rubuta, ai kin yi.

Ran sha biyu aka buɗe kabarin da hantsi. Na riƙe baƙar laima a kan kabarin. Da mai tsintar ƙashi ya ɗaga murfin na rufe ido. Sai na ji ya ce, "Kai, tsohon nan ya kyauta, tas!" Ƙasusuwan sun fita fes, launin zuma, ko yatsa ɗaya bai ɓata ba. Kawunanku suna ta cewa alama ce mai kyau, ya tafi ba ya riƙe da kowa. Ni kuka ya ƙwace mini har na zauna a ƙasa. Ban san ko sauƙi ba ne ko kunya. Mutumin nan ko a kabari bai iya riƙe ni ba.

Layin ƙasa aka sa shi, Giok-lan. Na ɗaya, dab da daɓe, ta hanyar da ake bi zuwa matakala. Bun-hiong sai da ya kwanta rub da ciki kafin ya daidaita tulun. Muna tsaye wasu mutane suka zo wucewa wurin nasu mamacin, wata mata da jan takalmi mai tsini, ƙwas ƙwas, ta gaban ƙofarsa. Na tambayi mai duba rana ko in an samu hali nan gaba a ɗaga shi sama. Ya ce an tashe shi sau ɗaya, ba a ƙara tashinsa, inda ya zauna ya zauna.

Kullum ina zuwa. Mota biyu nake hawa. Gwiwata yanzu ba ta durƙuso, in na sunkuya kuma jiri, don haka a tsaye nake masa magana, ina kallon tulun wani baƙo a layi na biyar, mijina yana wajen idon sawuna. Na ba shi haƙuri har na rasa kalma.

Yayanki ya yi kwana ashirin da uku bai yi mini magana ba. Yana ci, yana fita, in na shigo falo ya tashi. Na fara tunanin ko in tambaye ki akwai ɗaki a wurinku, ko da na ajiyar zare ne.

Shekaranjiya ina hasumiya da rana sai na ji tafiyarsa a bayana, da kayan aikinsa, duk baƙin walda a hannu. Yana riƙe da wata 'yar kujera ta ƙarfe, gajeriya ƙwarai, ba ta kai tafin hannu biyu daga ƙasa ba, ya yi mata madafa a gefe ɗaya don tashi, ya naɗe ƙafafun da roba. Ya ajiye ta a gaban gurbin babanku, ya kama ni ta hammata ya zaunar. Sai ga ni ido da ido da hoton da ke jikin ƙofar.

Ya ce, "Na yi magana da mai gadi, za a riƙa ajiye miki ita a bayan ƙofa." Ya juya zai tafi, sai ya tsaya, bai waiwayo ba. Ya ce, "In kin gama, A-bu, ina waje. Kada ki hau motar nan, ana ruwa."

Na daɗe a zaune. Masu wucewa sai da suka riƙa kewaye ni, ba wanda takalminsa ya kai kusa da shi.

Ki rubuto wa yayanki, ba ni ba. Ki ce masa ke ma kin yi kuskure da kika ɓoye masa, ko da ni na sa ki. Ki gaishe da mijinki da yara. Le-hoa ta ce hannunta ya gaji, kifi kuma yana kan wuta.

Mahaifiyarki,
Ang Kim-ki